Uwaisu Mai Hoto a Duwatsun Asbin

A Jibiya ta wancan zamani, duk mai son hoton kansa wuri ɗaya ake nuna masa: rumfar Uwaisu da ke bakin tasha. Ɗinki ya fara yi a Katsina, har wani Bayarabe maƙwabcin shagonsu ya koya masa ɗaukar hoto da wankewa. A 1951 ya dawo gida da akwatin hoto mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Masu zuwa wurinsa direbobi ne da fatake masu neman takardar ƙetare iyaka, sai samari masu sabuwar riga ranar Lahadi, ranar kasuwa. Gajeren mutum ne mai fara'a, amma ba ya ƙaunar tafiyar ƙasa. Ko Gangara, ƙauyen da ke nan kusa, aka gayyace shi suna, sai ya nemi jaki.

Mahaifiyarsa Nana ba haihuwar ƙasar Katsina ba ce. Tana da shekara goma sha ɗaya aka baro Asbin da ita, shekarar da yaƙi ya watsa mutanen duwatsu, wani manomi a Riko ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa. Yaren can ya ɓace mata, sai sunan ƙauyensu, Talmas. Da girma ya zo, ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Wata rana da kaka, ana shigo da dammunan gero gida, ta ce masa, "Uwaisu, kai da ka iya kama fuskokin mutane a takarda, ba a kama dutsi?"

"Ana kamawa, Inna."

"To ni dai na san ƙahwata ba ta ƙara taka Talmas."

Shi kuwa maganar ta zauna masa. Kakar da ta biyo baya, ta 1956, ya samo ƙaramar kyamara mai rataya da naɗin fim biyu, kowanne hoto goma sha biyu, ya rufe rumfa. Matarsa Barira ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli da garin fura tana cewa, "Kai da Gangara ta gagare ka?"

Babbar mota ta kai shi Maraɗi, wata ta kai shi Damagaram, daga nan kwana huɗu cikin rairayi kafin Agadas. Can aka haɗa shi da wani dattijon Buzu mai suna Ahmadu, wanda ya san Talmas. Ahmadu ya dubi takalminsa na kanti ya ce ya tuɓe, ya ba shi na fata mai faɗi. Kwana uku suka yi a ƙasa, don hanyar ko raƙumi ba ya bin ta. Tun ranar farko ƙafar Uwaisu ta yi bororo, ya riƙa tambayar ko an kusa, Ahmadu yana ce masa, "Bayan wancan."

Amma abin da ya gani bai taɓa ganin irinsa ba. Damina ta ɗauke, ciyawa ta yi ruwan ɗorawa a gindin duwatsu baƙaƙe wuluk. A ƙoramu akwai ragowar ruwa garai-garai a cikin kwarmin dutse, goruba da dabino sun jeru a gefe. Idan suka hau tudu ya waiga, sai ya hango hamada shimfiɗe fara fat har inda ido ya ƙare. Ya riƙa ƙirga hotunansa kamar mai tsimin hatsi. Da suka isa Talmas, gida biyar suka tarar, ba wanda ya san Nana. Ya hau wani tsauni da rarrafe, ya ɗauki babban dutsen da ke bayan ƙauyen har sau shida. Na ƙarshe da ya rage, da suka sauko, ya ɗauki wani mai lambu yana jan ruwa da sa a wata tsohuwar rijiya, don kawai fim ɗin ya ƙare.

Wahalar ba a duwatsu ta same shi ba, a bakin gida ta tare shi. A shingen Faransawa da ke gab da Jibiya, wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, mai suna Lawwali, mutumin Maraɗi, ya zazzage jakarsa ya ɗago naɗin fim ɗin.

"Mi ne ne wanga?"

"Hotuna ne, ranka ya daɗe. Na duwatsu."

"Duwatsu? Mutum shi tahi har Asbin don duwatsu? Ko barikin soji ka ɗauko wa Ingilishi?" Ya sa farce zai ɓalle takardar da ta naɗe fim ɗin.

Uwaisu ya zabura. Ya riƙe hannun mutumin, abin da ba a yi wa mai kaki. "Don Allah kar ka buɗe! Haske na taɓa shi ya mutu. Kwanana arba'in a hanya." Ya sake shi, ya gaya masa labarin tsohuwarsa, ya ce, "Ka riƙe su. Ran Lahadi ka zo da su rumfata, a gabanka zan wanke. In ka ga wani abu ban da dutse da itace, ka ɗaure ni."

Lawwali ya jefa su aljihu ya ce ya wuce.

Kwana huɗun da suka rage kafin Lahadi Uwaisu ko abincin kirki bai ci ba. Nana ta tambaye shi hotunan, ya ce sai maganin wanke su ya kwanta. Ranar Lahadi da hantsi sai ga Lawwali a kan keke, cikin farar riga. Suka shiga ɗan ɗakin bayan rumfa, Barira ta toshe ƙofa da barguna daga waje. Da aka gama aka fito da fim ɗin haske, Uwaisu ya ɗaga shi. Ga duwatsu nan, ga goruba. Biyar sun lalace, goma sha tara sun fito. Ya zauna a ƙasa ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi." Lawwali ya duba su ɗaya bayan ɗaya ya yi dariya. "Wallahi duwatsu na. Kai dai Allah shi ba ka lada."

Washegari ya buga su a takarda ya kai wa Nana. Ta ɗauki na babban dutsen, guda shidan da ya sha wuya a kansu, ta jujjuya ta ajiye. "Ban san wanga ba," in ji ta. Ta ci gaba da dubawa har ta zo kan na mai lambu, sai ta tsaya. Ta kai shi dab da idonta.

"Ga ta. Rijiyarmu ce. Ka ga dutsin nan mai faɗi? Nan babata ke zama tana tsefe mini kai." Ta faɗi wata kalma da yaren da kowa ya ɗauka ta manta, ta maimaita, ta yi dariya hawaye na zuba. Ashe dutsen daga saman tsauni ya ɗauke shi, ita kuwa ba a taɓa barin ta ta hau can ba.

Uwaisu bai ƙara komawa Asbin ba. Ya ci gaba da aikinsa a bakin tasha har gashinsa ya yi fari, ya manna sauran hotunan a bangon rumfa. Buzaye masu saukowa da gishiri da dabino sukan tsaya su yi ta nuna wa juna wuraren da suka sani, su yi gardama a kan sunan wata ƙorama, shi kuma ya shimfiɗa musu tabarma ya sa a kawo ruwa.