Sha Biyar ga Watan Uku

Yaya Pyo Mansok, mai gidan baƙi a tsibirin da ke kallon birnin Gunsan, ya rasu ranar Talata, ashirin da biyar ga Maris, yana da shekara saba'in da takwas. Matarsa, Yaya Gapsun, ce ta buga mini waya. Kwana ashirin kafin wannan waya shi da kansa ya kira ni in zo, ban je ba. Abin da ya hana ni zuwan nake so in rubuta maka, Yaya, tunda ban samu na faɗa maka da baki ba.

Shekara goma sha bakwai ke nan ina sauka a ɗakinka na ƙarshe, mai tagar da ke fuskantar teku, don kallon tsuntsayen da ke yada zango a taɓon gaɓarku kan hanyarsu ta zuwa arewa. Zuwana na farko na ɗauko madubin hangen nesa sabo fil, na zaɓi ranar da na samu hutu daga makaranta. Ruwa bai ciko ba, tsuntsayen suna can nesa kamar an watsa masoro. Ka same ni a kan katangar teku ina ta murza ido.

"Malamin birni, wa ya ce ka zo yau?"

"Kalanda."

"Af! Tsuntsu ya san kalandar ofis ne? Teku da wata take shawara. Ka dawo sha biyar, amma ta wata."

Ka ja ni ɗaki, ka nuna mini kalandar bango. Manyan lambobi na gwamnati ne, ka ce, ƙananan da ke ƙarƙashinsu su ne na wata, kuma su ne na masu hankali. Ran sha biyar ruwa kan cika har gindin katanga, ya koro tsuntsaye dab da taga. Tun daga ranar ban ƙara jin kwanan wata daga bakinka na dubi babbar lamba ba.

Kai ne ka zaro ni daga taɓo ranar da na nutse har cinya, kana dariya har da hawaye, ka bar takalmina guda a can. Kai ne ka hana masu kamun kifi ɗakina kowace shekara, ko da ban turo saƙo ba. Ba ka taɓa riƙe madubi ba, amma kai kake fara cewa, "Bana sun ragu." Kuma kowace shekara gaskiyarka ce. Ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai baki kamar cokali, wanda nake nema tun ina da baƙin gashi, ka yi alkawarin ba za ka mutu ba sai ka nuna mini shi. Ban gan shi ba, kai kuma ka saɓa.

Farkon Maris ka kira ni, muryarka a dishe.

"Malam Gil, ka zo sha biyar ga watan uku."

"To Yaya, kamar kullum."

"Kai dai ka zo."

Na dubi ƙaramar lamba, na ga saura wata guda da 'yan kwanaki, na ci gaba da sha'anina. Ko dishewar muryar ban tambaya ba.

Bayan an binne ka, ni da Yaya Gapsun muka tsallaka zuwa tsibirin a jirgin fito. Yaya Gapsun ta buɗe ɗakina, ta tsaya gaban kalandar. Ka zagaye babbar lamba da jan biro, sha biyar ga Maris.

"Likita da manyan lambobi ya yi masa magana," in ji ta. "Ya san ba zai kai ta wata ba. Kwana uku yana hura wutar da ke ɗumama ƙasan ɗakin nan don kada ka tarar da sanyi. Na dafa miyar ƙaguwa, ta huce, na sake ɗumamawa. Na ce, kai tsohon nan, ka kira shi mana! Ya ce a'a, malami ne, ya iya karatu, in bai zo ba yana da uzuri."

Ba ni da uzuri, Yaya. Ina gida ranar, ina goge madubi. Na ji haushinka da ka ƙi buɗe baki ka ce ba ka da lafiya, na ji haushin darasin da ka koya mini, amma haushin kaina ya fi, kuma ban ga ranar da zai wuce ba.

Yaya Gapsun za ta koma wurin 'yarku a birni, za a rufe gidan. Ta ce in ɗauki abin da nake so. Kalandar na ɗauka.

Allah Ya ji ƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ka huta. Allah Ya ba Yaya Gapsun da 'yarku da dukan mutanen tsibirin haƙurin wannan rashi. Ni kuma ka yafe mini, in ana jin irin wannan roƙo a inda kake.

Jibi ne sha biyar ta wata. Ruwa zai cika har gindin katanga, tsuntsayen da suka rage za su matso dab da tagar. Ita ce ranar da na shirya zuwa, kuma ba zan je ba.