Hannuna a Ƙarƙashin Matashi

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da mahaifina ya zo kallon wasan kwaikwayonmu. Ƙungiyarmu ta samarin Bolari ce ta shirya shi, a kan wani ɗa makwaɗaici da ya ƙosa ubansa ya mutu ya ci gado. Ni aka ba wa matsayin ɗan, wai bakina ya fi na kowa kaifi. A lokacin kuwa Baba ya riga ya yi mini alkawarin damƙa mini shagonsa na atamfa da ke Kasuwar Gombe bayan Sallah. Da ƙafata na je na roƙe shi ya zo kallo. Ni da rawar kai!

Wasa ya yi wasa. Da aka zo inda uban yake kwance yana nishi, sai na durƙusa ina kukan ƙarya, na zura hannu a hankali ƙarƙashin matashinsa, na zaro makullai. Wuri ya kaure da ihu, mata suna ta "Allah ya isa!" Na hango Baba a layin gaba, ko motsi bai yi ba.

Washegari ya kira ni.

"Sa hannun nan a ƙarƙashin matashi, mai rubuta wasan ne ya ce ka yi?"

Na washe baki. "A'a Baba, ni na ƙara da kaina."

Sai ya ce, "Ai nan nake ajiye nawa."

Bayan Sallah sai Baba ya ba wa ƙanena shagon. Wallahi kaina ya ɗaure tamau. Na ruga wurin mahaifiyarmu kamar zan yi kuka. "Dada, wasa ne fa!"

"Shi ma ya san wasa ne," in ji ta. "Cewa ya yi bai taɓa sanin kana lura da inda yake ajiye su ba."

Sai na shiga tambayar kaina. Yaushe na lura? Me ya kai idona wurin? Baba ya rasu ban samo amsar da zan ba shi ba, kuma har yau ban san ko zaluntata ya yi ko gano ni ya yi ba.

Abin da na koya shi ne, kwaɗayin da na hau dandamali ina yi wa wasu faɗa a kansa, ban taɓa tsayawa na neme shi a cikin zuciyata ba.