Kurungun Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale masunci, ƙanin mahaifiyata, ya san ba ya cin kifi sai ya tambayi asalinsa. Ya ɗaga shi, ya shinshina, ya ce, "Wannan ɗan gidan wa ne?"

Rigimar ta fara ne shekarar da ambaliya ta fasa gonar kifin wani Alhaji, tarwadar agirik ta kwararo cikin dam ɗinmu na wajen Kabo. Masunta suka yi ta murna, ga kifi jibga-jibga. Kawu kuwa ya ce baƙo ne mai cinye 'yan gida, nan gaba kaɗan za a nemi kurungu da karfasa a rasa.

Kun tuna ranar kasuwar Gwarzo? Kawu ya farke cikin wata ƙatuwar tarwadar agirik a gaban mai saye, ya zaro 'yan karfasa har huɗu, ya jera a faranti.

"Ga shaida nan!"

Mai sayen ya ce, "Baba, ni fa kifi na zo saye."

"To ai ga biyar nan, ɗaya ta haɗiye huɗu."

Mutumin ya tafi bai saya ba. Ko a jikin Kawu.

Daga nan ya tsiro da sabuwa. Duk kurungun da ya faɗo komarsa, sai ya sako shi a bokiti ya kai kududdufin bayan gidansa a Kutama. Kun san kurungu da ɗan gurnani in an kama shi. Kawu sai ya kara shi a kunne, yana gyaɗa kai.

Matarsa Inna Rabi ta ce, "Malam, me yake cewa?"

"Ƙara ya kawo. An cinye masa dangi."

"To ka gaya masa ni ma na kawo ƙara, miyata ba kifi!"

Kai, mun yi masa dariya har da riƙe ciki, ni ne ma kan gaba.

Bana na kwashe damina ina jefa koma a dam, ban ga kurungu ko ɗaya ba. Sai na tafi kududdufin marigayi Kawu. Jefa ɗaya, ga su nan suna ta gurnani. Na ɗauki guda na kara a kunne, wallahi sai hawaye. Na mayar da shi ruwa.

Allah Ya ji ƙan Kawu Sale, Ya ba shi mafaka kamar yadda ya ba su.