Takardun Farfesa da Na Gyara

Da gumina na sayi injin buga takardu na farko, ni na koya wa kaina ɗaure littafi, kuma ban wuce sakandare ba. Ban taɓa kiran kowa malamina ba sai kai, Farfesa, da Allah ya karɓi ranka ranar Talata, sha huɗu ga wata, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sashenku na jami'a yana tattara sunayen ɗalibanka don littafin tunawa da kai. Na je, magatakarda ya ce ba ni da lambar rajista. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Shekara goma sha biyu ke nan da ka shigo shagona da takardar tambayoyi iri biyu, za a raba wa malaman firamare ɗari shida. Labarin ɗalibi ne da ya faɗi jarrabawa, ana tambaya ko a ƙara ba shi dama. Ina dubawa na ga a ɗaya an rubuta ɗan likita, a ɗayar ɗan kafinta. Na ce lallai sakatarenka ya yi sakaci. Na mayar da su duka ɗan likita, na buga, na harɗe ƙafa ina jiran yabo.

Ka karanta, ka yi ta dariya har da dafa injin yanka takarda.

"Maigyara, ka yaye likitoci ɗari uku a yini ɗaya!"

"Ranka ya daɗe, ni kuskure na gani."

"Ai kuskuren nan shi ne binciken gaba ɗaya."

Ka jawo benci ka zaunar da ni. Ka ce in ka tambayi malami ko yana fifita ɗan mai hali, zai rantse ba ya yi. Amma a cakuɗa takardun, kowa ya amsa wadda ta faɗo masa bai san akwai wata iri ba, sai a gwada amsoshin ɓangarorin biyu, abin da baki ya ɓoye ya fito. Muka sake bugawa, muka cakuɗa su tare a kan teburina. Daga ranar, ba takardarka da ta bar shagon nan ban tambaye ka dalilin kowane layi ba, kuma ba ka taɓa ƙosawa da ni ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Uwargida da yara, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Kai kuma magatakarda, ba roƙo nake yi ba. A rubuta Maigyara cikin ɗaliban Farfesa. A kuma rubuta shi daidai, don ni zan buga littafin.