Kofi Goma Sha Biyu da Sunan Likita Goni

Tun tana firamare a Nguru Raliya take ƙirga komai, har takun da ke tsakanin gidansu da tashar jirgin ƙasa. Da ta gama makarantar kiwon lafiya aiki bai samu ba, sai ta buɗe shafi a intanet tana bayanin cututtuka da Hausa. Cikin shekara biyu ta yi rubutu ɗari da tamanin da bakwai, mabiya dubu goma sha ɗaya.

Dokar shafin ɗaya ce: ba abin da zai fita sai Likita Goni, wani dattijo da ya yi ritaya a Gashuwa, ya karanta. Shi ya sa kowane rubutu ke ƙarewa da layin nan: "Likita Goni ya duba." Ita minti arba'in take gama rubutu. Shi kuwa sai ya kwana huɗu, wani lokaci shida.

A tsakiyar bazara ta yi rubutu kan ciwon ƙoda, wanda kusan kowa a yankin ya san mai shi. Ta ce kowa ya sha ruwa kofi goma sha biyu kullum. Likita yana Yusufari wajen ta'aziyya. Ta ce a ranta, ruwa ne fa, wa ruwa zai cutar? Ta saki. Layin sunansa ya fito da kansa kamar kullum. Ta gan shi, ta bar shi. Cikin kwana biyu mutum dubu tara suka karanta.

A rana ta tara Likita ya kira ta. "Raliya, ki zo Gashuwa gobe."

Bai kai ta gidansa ba, asibiti ya kai ta. A gado na uku akwai Malam Dauda, masunci daga Katuzu, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi da kyar. Ƙodarsa ta gaza tun bara, Likita Goni da bakinsa ya ƙayyade masa kofi uku a rana. 'Yarsa ce ta karanta masa rubutun a waya.

Matar Malam Dauda ta miƙe. "Likita, da ka ce uku, sai ga shi a waya ka ce goma sha biyu. Muka ce ai sabon ilimi ne ya zo maka."

Raliya ta tsura wa ƙasa ido tana jira Likita ya kare kansa. Ta ƙirga har talatin, ya ƙi.

"Inna, bai faɗa ba," ta ce. "Bai ma gani ba. Ni na rubuta."

"Ke likita ce?"

"A'a."

"To sunansa fa?"

"Ni na bar shi a wurin."

Malam Dauda ya ɗago hannu. "'Yar nan, shekara arba'in ina cikin kogi ruwa bai ci ni ba. Sai na kofi!" Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

A baranda Likita ya ce, "Ko ki cire sunana daga shafinki, ko ki riƙa jira na. Zaɓi ɗaya."

"Zan jira, Baba."

A tsaye ta rubuta gyara: mai ciwon ƙoda ya bi abin da likitansa ya ƙayyade masa, kuma rubutun farko nata ne ita kaɗai, Likita Goni bai duba ba. Ta miƙa masa wayar. Ya karanta sau biyu, ya cire kalma ɗaya, ya ce ta saki.

An sallami Malam Dauda bayan kwana goma sha ɗaya. Gyaran, mutum dubu biyu da ɗari ɗaya suka karanta. Raliya ta cire daga dubu tara, saura dubu shida da ɗari tara. Har yau gyaran ne a saman shafin, kuma kowace safiya lambarsa take fara dubawa.