Daga Orozo zuwa Ushafa neman ayar da za ta goyi bayana

Ranar Talata da ƙarfe biyar da kwata na asuba na fita daga gidana a Orozo, Littafi Mai Tsarki a hammata kamar wani mai bishara, alhali aji uku na yi a firamare, shi ma malam ne ya fara gajiya. Matata Talatu ta miƙo mini dafaffiyar doya a leda, ta ce, "Baban Rahila, Allah ya sa ka samo abin da ba ka je nema ba." Na yi kamar ban ji ba.

Ga dalilin tafiyar. Ƙanena Bala yana Dutse Alhaji, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma an rushe ɗakin da yake haya. Aka aiko mini in zo in ɗauke shi. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ban yi masa magana ba, tun da Mamanmu ta rasu a ƙauye, aka aika masa sau uku, yana gidan burkutu bai zo ba. Da na kai maganar gaban zumuntar maza a coci, Dattijo Yohanna ya buɗe Littafi ya karanta inda aka umarce mu da ɗaukar wa juna nauyi. Magatakardan zumuntar ya ce a sauko ƙasa kaɗan, a shafin nan dai an ce kowa kayansa zai ɗauka. Daga nan zumunta ta rabu biyu, har aka tashi ba a yi addu'ar rufewa ba. Ni na san ayar da ta yi mini daɗi. Shi ya sa na nufi Ushafa wurin tsohon faston da ya ɗaura mana aure, ya buga mini hatimi a kanta.

Orozo zuwa Nyanya

Na samu bas a bakin titi da biyar da rabi, naira ɗari bakwai. Muna wuce Kurudu wani mai wa'azin mota ya miƙe da kwat da gumi. Da ya tsaya shan iska na ce, "Oga Fasto, ayoyi biyu ne suka sha mini kai," na faɗa masa su. Ya ce Littafi ba ya karo da kansa, masu fassara ne suka dagula. Wata mata mai kwandon tumatir ta ce a cocinsu an koya musu ta farko ta zaman duniya ce, ta biyu ta ranar shari'a. Wani mai gilashi a baya ya ce duk ba haka ba ne, sai an san mutanen da aka rubuta wa wasiƙar tukuna. Mai wa'azi ya ce masa ilimin boko ne ke kashe Ruhu. Mai gilashi ya ce jahilci bai taɓa rayar da shi ba. Direba, wani Bakatsine, ya leƙo ta madubi ya ce, "Don Allah kowa ya riƙe kayansa a cinya, ga shingen 'yan sanda." Na ce a raina, ka ga malamin kirki. Cunkoso ya riƙe mu daga Jikwoyi, ba mu shiga Nyanya ba sai bakwai saura minti goma.

Dutse Alhaji

Mota biyu na canza kafin na sauka mahaɗar Dutse da tara da kwata. Na sha shayi da burodi naira ɗari takwas, shayin kamar an nuna wa ruwa madara daga nesa. Na hau keke mai ƙafa uku zuwa tashar Bwari, inda ake samun motar Ushafa. A hanya, daidai wani shagon buhunan shinkafa, na hango mutum zaune a kan kwali, hannu ɗaya a naɗe a ƙirji. Ƙeyar babanmu ce sak. Na ja hulata na rufe fuska, na ce wa mai keke ya ƙara wuta. Ba na alfahari da wannan, amma na yi alkawarin rubuta tafiyar yadda take.

Ushafa

Na isa da goma da rabi. Na tarar da Baba Fasto a ƙarƙashin mangwaro, idonsa ya yi rauni, amma ya gane muryata. "Ɗanjuma! Har yanzu kana barci lokacin wa'azi?" Na ce, "Baba, sai dai in an yi tsawo." Na zayyana masa komai, na ɗan ƙara wa laifin Bala gishiri.

Ya ce, "Tun ina saurayi nake jin musun nan. Na ga masu ilimin da suka fi ni sun rabu a kan irinsa, kowa da hujjarsa, kuma ba duka ne 'yan son zuciya ba. Akwai wuraren da har yau in na karanta nakan ce, Ubangiji, ban gane ba, in rufe in kwanta. Amma kai ba fahimta ka zo nema ba. Wacce kake so in ba ka?"

Sai na hau cin doyata.

A bayan gida matarsa Mama Ladi da wasu mata suna kwashe tukwanen da suka gasa, za a kai bakin hanya. Matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Kowace ta saɓa nata ta wuce. Saura wata babbar randa. Mama Ladi ta ƙwala mini kira, "Kai mai Littafi, ajiye shi ka zo ka ɗora mini." Na ce, "Mama, bari in kai miki gaba ɗaya." Ta ce, "Ka fasa mini aikin sati biyu? Ba ka san inda take da rauni ba, ni na gina ta. Tawa ce, ni zan kai. Amma daga ƙasa zuwa kafaɗa, ko ina budurwa ban taɓa iyawa ni kaɗai ba." Na kama gindin randar, muka ɗaga, ta gyara tsayuwa ta tafi, ko waiwaye babu.

Na dawo na zauna. Baba Fasto ya ce, "Kada ka je ka ce wa zumuntarku tsohuwa ta warware nassi, za su cinye ka. Su ci gaba da musunsu, yana da amfaninsa. Kai dai rana tana yi."

Komowa

Ƙarfe ɗaya da rabi na sauka a gaban shagon shinkafar. Mai shagon, wani Alhaji ɗan Kano, ya ce, "Kai ne yayan? Kwana goma sha biyu yana barandata. Bawan Allah ne, ba ya roƙo." Kunya ta sa na kasa haɗa ido da shi.

Bala ya ɗago kai. Bakinsa ya karkace, maganar tana fita da ƙyar. "Yaya, ban zo jana'izar Mama ba."

Na ce, "Na sani, ai ina wurin."

Ya fara kuka. Na ce, "Wannan kayanka ne, Bala. Ba zan iya ɗaukar maka ba, ko na so. Kawo hannun nan mai lafiya." Ya rataya shi a wuyana, ni da Alhaji muka ɗaga shi zuwa mota. Nauyinsa bai kai na randar ba, abin da ya fi damuna ke nan duk hanya.

Muka ɗauki shatar tasi, Alhaji ya hana ni yin ciniki, ya yi da kansa. Mun iso Orozo ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma. Na tarar an share ɗakin 'yarmu Rahila da ta yi aure, an shimfiɗa katifa, har da bokitin ruwa a bakin ƙofa. Na ce, "Talatu, yaushe kika yi wannan?" Ta ce, "Kana fita."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da mu. Na gode wa Alhaji mai shinkafa, da Baba Fasto da ya ƙi ba ni abin da na roƙa, da Mama Ladi. Ranar Lahadi magatakarda ya tare ni a ƙofar coci ya ce, "To, wace aya ce ta ci?" Na ce masa ban sani ba, karatuna bai kai nan ba, kuma ina sauri, lokacin juya Bala a kan katifa ya yi.