Shekarar da na yi kala a gonata

Gonata tana bayan Garatu, maigidana ne ya bar mini ita, Allah ya ji ƙansa. Samanta yashi, gangarenta laka. Gyaɗa nake sa mata tun ina da ƙarfi, in kaka ta yi kuma matan ƙauyen ne ke taya ni cira. Babbarsu wata Banufiya ce daga Bida, sa'ata. Ni Bakatsiniya, ita Banufiya, ba mu taɓa gaisawa mun rabu ba tsokana ba.

To, wata shekara ɗana da ke aiki a Chanchaga ya ce bayana ya gaji, bana inji ne zai cire gyaɗar. Tun ruwan fari ya turo mai tarakta. Mutumin ya taka gonar, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya ce, "Mama, gangaren nan sai na kafta da zurfi, in bi da haro ya farfashe ƙasar, sannan in ja kunya a miƙe. In ba haka ba, ranar cira wuƙar inji ba za ta shiga ƙarƙashin gyaɗar ba."

Na ce, yaushe za a gama duk wannan? Ya ce sai ƙasa ta ɗan sha iska. Ni kuwa na leƙa gonar maƙwabci, har ta tsiro. Na ce ya bi sau ɗaya ya kama gabansa, sauran na san yadda ake yi. Na sa aka yi huɗa da garma irin ta da. Kunya ta kewaye kaɗanya, ta kauce wa suri, nan faɗi, can matsattse. Na tsaya na duba, na yaba wa kaina.

Gyaɗa ta yi ganye, ta rufe ƙasa. Na aika wa Banufiyar cewa bana su huta, mu mun ci gaba.

Ranar cira na sa aka kai mini kujera gindin kaɗanya, in zauna in ga aiki. Ruwa ya ɗauke da wuri, laka ta bushe kamar daɓe. A yashi inji ya yi abin kirki, ya ɗaga, ya kakkaɓe, ya kwantar. Da ya gangara laka sai wuƙar ta riƙa zamewa ta sama. Inda kunya ta lanƙwasa, shi ya miƙe abinsa. Na ɗaga gindi ɗaya, na ji shi sakayau, saiwa ce tsirara. 'Ya'yan suna ƙasa, abincin gidana da irin baɗi. Kafin in gama tunani, ɗana ya sa an loda abin da aka ɗaga an kai gida tsiga, don hayar taraktar ta yini guda ce.

A wajenmu, da zarar an kwashe harawa, gona ta zama ta masu kala. Abin da ya rage a ƙasa na wanda ya tono ne. Ba a hanawa. Da bakin nan nawa na sha yi da masu hanawa.

Washegari da hantsi sai ga matan, da fartanya da kwanduna, Banufiyar a gaba.

"Sannu da hutawa, Hajiya mai inji. An buɗe gona?"

Na ce, "An buɗe."

"Madalla. Dama na ce Katsinawa akwai kyauta. Wasu a mudu suke ba mu, ke kin binne mana da buhu."

Na ari fartanya na durƙusa cikinsu. Su suna tono suna hira, ni in sara sau ɗaya in dafe ƙugu. Na doshi wani wuri da na san ya yi 'ya'ya, sai Banufiyar ta ce, "Matsa can, baiwar Allah, na riga ki nan." Na matsa. A gonata.

La'asar ta yi, kwandunansu sun cika, ƙwaryata ko gindi ba ta rufe ba. Ta leƙa, ta girgiza kai.

"Mata, ku dubi tsohuwar nan, tun safe take fama. A taimaka mata ko iri ta samu."

Suka biyo layi, kowace ta zuba mini gwargwadon zuciyarta. Na miƙa ƙwarya da hannu biyu, na yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, na sa musu albarka yadda ake sa wa mai sadaka. Da ruwa ya sauka, gyaɗar nan tasu na shuka.